GIGINYA DA 'YA'YANTA: AMFANINSU DA YADDA A KE CINSU LAFIYA

1. Magana ta fari

Kai mai karatu, in kana zaune a Kaduna ta arewacin kogi, ko a Kawo ne, ko Unguwar Shanu, ko Badarawa, ko Malali, ko Unguwar Rimi, ba shakka ka taɓa gamuwa da yarinya ɗauke da faranti tana tallan muruci. In kuwa ka shiga kasuwar Kawo ran Talata, ranar da mutanen ƙauyuka su ke kawo kaya, kadan lokacin abin ne, ka kan tarad da 'ya'yan giginya an zube su, jajaye-jajaye, ko wane kamar kan jinjiri. Tun ba ka gan su ba ƙanshinsu ya kan sanad da kai suna nan.

Mutane sun rabu biyu bisa zancen giginya. Waɗansu sun rena ta, suna cewa abin tsotson yara ne da mutanen ƙauye, babban mutum ba ya ɓata bakinsa da ita. Waɗansu kuwa sun kai ta inda ba ta kai ba, suna cewa maganin ko wace cuta ce, tun daga basir har raunin maza. Dukansu biyu sun kuskure. Giginya abinci ce mai kyau, mai araha, tana taimakon jiki yadda abinci ya ke taimakonsa. Amma ba ta warkad da cutar da ta riga ta kama mutum, kuma akwai hanyoyin da ta kan cuci wanda bai yi hankali ba. Wannan darasi zai nuna maka amfaninta, da iyakar amfanin, da abin da za ka kiyaye. Ka karanta sannu sannu. Inda ka gamu da baƙuwar kalma kada ka tsallake ta, gama an bayyana ta a wurin.

2. Itacen kansa

Kada ka haɗa giginya da goriba. Goriba ta kan yi rassa, 'ya'yanta ƙanana ne masu tauri, ba su wuce dunƙulen hannu ba. Giginya kuwa jikinta ɗaya ne miƙaƙƙe, ba reshe ko guda. Ta kan kai mita 20 ko 25, watau tsawon mutum goma sha biyu ko fi, in an ɗora su bisa juna. In ta manyanta ta kan yi wani kumburi can sama, kamar ta haɗiye tulu. Ganyenta kamar babban mafici ya ke.

Akwai namiji, akwai mace. Namijin fure kaɗai ya ke yi, macen ce ke yin 'ya'ya. Ko wane ɗa ya kan kai nauyin kilo ɗaya ko fi, a cikinsa kuwa akwai ƙwallo har uku. Giginya ba ta gaggawar girma. Wanda ya shuka ta yana saurayi sai ya zama mai iyali kafin ya sha 'ya'yanta. Ta fi son fadama da bakin kogi, inda ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. A zamanin da giwaye su ke da yawa a dazuzzukanmu, su ne manyan masu shuka ta. Giwa ta kan haɗiye ɗan, ta yi tafiyarta, ta kasayad da ƙwallon a wani wuri, ya tsira can.

Masana itatuwa suna ce mata Borassus aethiopum. Wani Bajamushe mai suna Martius shi ya sa mata wannan suna a shekarar 1838. Barth, matafiyin nan wanda ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851, ya ambaci giginya da muruci a cikin labarin tafiyarsa. Wani likita kuma mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa a 1916, giginya tana ciki.

Tana da 'yar'uwa a ƙasar Indiya da tsibirin Siri Lanka, wadda Turawa su ke kira palmira. Sun yi kama ƙwarai. Jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya ta zaɓe ta ta zama itacen jiha. Mutanen can suna dafa ruwanta su yi wani abu kamar mazarƙwaila, a zamanin dā kuma bisa ganyenta su ke rubuta littattafansu. Ka riƙe sunan Siri Lanka, za mu komo gare shi.

3. Abinci uku daga itace ɗaya

Na fari shi ne ɗanye. In an tsinko ɗan giginya tun yana kore aka fasa shi, a cikin ko wane ƙwallo da bai yi tauri ba akwai wani abu fari mai taushi, mai santsi, da ɗan ruwa mai zaƙi. Yawancinsa ruwa ne. Yana kashe ƙishirwa a lokacin zafi, amma ba ya riƙe ciki. In ɗan ya ƙosa, wannan abu mai taushi sai ya taurare kamar ƙashi, ba ya ciwuwa.

Na biyu shi ne nunanne, wanda ke faɗowa da kansa. A ƙarƙashin ɓawonsa akwai tsoka ja mai zare-zare, mai zaƙi da ɗan ɗaci kaɗan. A kan bubbuga shi bisa dutse ko a turmi don ya yi laushi, a ɓare, a tsotse. Ko kuwa a jiƙa shi a ruwa, a matse, a tace, a sha ruwan ko a zuba a kunu.

Na uku shi ne muruci. Muruci tsiron ƙwallon giginya ne. Masu sana'arsa su kan tara ƙwallaye, su jera su a ƙasa mai rairayi, su rufe. In sun sami damshi sai ko wane ya fid da tsiro. Tsiron nan ba sama ya ke fara nufa ba, ƙasa ya ke nutsawa tukuna, yana tara abinci yana kauri, sa'an nan ya turo ganye waje. Shi ya sa a ke yi wa jarumi kirari da murucin kan dutse, wanda bai fito ba sai da ya shirya. Bayan wata shida ko fi a kan tone shi tun bai ɓata abincin da ya tara ba, a dafa, a ɓare, a ci. A cikin ƙwallon da ya tsira kuma a kan sami wani abu fari kamar soso, mai zaƙi, yara suna sonsa.

4. Abin da giginya ta ke yi wa jiki

Abinci iri uku ne ke yi wa jiki aiki. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar itace a murhu, watau hatsi, da rogo, da sukari, da mai. Akwai mai gina jiki, kamar tubali a gini, watau wake, da gyaɗa, da nama, da kifi, da ƙwai, da nono. Akwai kuma mai tsaron jiki, wanda kaɗan a ke bukata, amma in babu shi komi ya lalace, kamar gishiri a miya. Wannan na uku shi likitoci ke kira bitamin. Giginya tana da na fari da na uku. Na biyu kuwa kaɗan ne gare ta ƙwarai. A shekarar 2010 malaman jami'ar Ngaundere ta ƙasar Kamaru sun buga abin da suka samu da suka auna tsokar ɗan giginya. Sun tarar tana da sukari, da zare, da bitamin C, da wani abu da a ke kira karotin.

Karotin shi ne ke ba tsokar jan launinta, shi ne kuma ke cikin manja da karas da mangwaro. A 1913 masana a Amurka suka gano bitamin A. A 1930 wani masani a Ingila, Thomas Moore, ya tabbatad da cewa jiki yana juya karotin ya zama bitamin A. Jiki ya kan ajiye shi a hanta, ya riƙa ɗiba kaɗan kaɗan.

Ga amfanin bitamin A. Ka san dundumi? Yaro yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, yana laluben kwanon tuwo. Sau da yawa rashin bitamin A ne. In abin ya daɗe sai idon ya bushe, ya yi miki, har yaron ya makance. Ƙyanda kuwa tana ƙara ɓarnar, gama tana cinye ɗan abin da ke cikin hanta. Domin wannan ne tun 2002 hukumar Nijeriya ta sa doka a riƙa zuba bitamin A a cikin sukari da fulawa da man girki na kamfani. In ka duba buhu ko galan za ka ga an yi hoton ido, alamar ke nan. Domin wannan kuma a ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A a baki sau biyu a shekara.

To, giginya tana cikin masu taimako a nan, ko da ya ke manja da karas da zogale da hanta sun fi ta. Ka sani kuma karotin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Saboda haka ruwan giginya a cikin kunun gyaɗa ko a fura da nono ya fi shansa tsura amfani. Amma yaron da dundumi ya riga ya kama, kada ka ce za ka yi masa magani da giginya. Kai shi asibiti. A Kaduna akwai Asibitin Ido na Ƙasa, ƙananan asibitocin unguwa ma suna da bitamin A.

Sai bitamin C. A 1747 wani likitan jiragen ruwan yaƙi na Ingila, James Lind, ya ga matuƙa suna fama da kumburin dasashi da zubar jini a baki, gama sun yi watanni a teku ba su ci ɗanyen abu ba. Ya ba waɗansu lemo, suka warke. Abin da ke cikin lemon nan shi ne bitamin C. Yana ƙarfafa dasashi, yana taimakon miki ya warke, yana kuma taimakon jiki ya ɗebi abin da ke ƙara jini daga hatsi da wake. Amma wuta tana ɓata shi. Don haka in za a sa ruwan giginya a kunu, a bari sai an sauke ya sha iska tukuna.

Sai zare. Abin da ka ke haɗiyewa na zaren tsokar ba ya narkewa a ciki. Yana riƙe ruwa a hanji, ya sa bayan gida ya yi laushi. Mai taurin ciki ya kan ji daɗinsa, mai basir ma ya kan sami sauƙi, gama yunƙuri shi ke tsananta basir. Daga nan ne mutane suka ɗauka tana maganinsa. Sauƙi ta ke kawowa kurum. Wanda ya ke ganin jini a bayan gida lalle ya ga likita, gama ba ko wane jini ne na basir ba.

Muruci kuwa yawancinsa sitaci ne, irin abin nan da ke cikin rogo da doya. Yana cika ciki, yana ba da ƙarfin aiki, guzuri ne mai kyau ga matafiyi da lebura. In ka haɗa shi da gyaɗa ko ƙuliƙuli, ka cike abin da ya rasa.

5. Labarin wani masinja

Ni mai rubuta wannan na yi shekaru ina aikin akawu da fassara a Kaduna. A wani ofishin da na zauna akwai wani masinja, mutumin kirki, magidanci mai 'ya'ya shida. Sai muka ga ya fara ramewa. Butar ruwa ba ta rabuwa da shi, ya ce da dare kuwa ya kan tashi fitsari sau huɗu ko biyar. Ran nan ya ja ni gefe, ya gaya mini cikin kunya ba ya iya biya wa iyalinsa hakki kamar dā. Ya ce an ba shi shawara ya shanya muruci, ya daka, ya riƙa sha a kunu da zuma safe da yamma. Ya ce, "Malam, kai ka yi karatu, yaya ka gani?" Ni kuwa da bakina na ce masa ya gwada, gama haka na ji ana faɗi tun ina yaro.

Ya yi watanni yana sha, ramar sai gaba ta ke yi. Wata rana ƙusa ta soke shi a ƙafa, bai ma ji ba sai da ya ga jini a takalmi. Mikin ya ƙi warkewa, ya soma wari. Da aka kai shi asibiti aka gwada jininsa, ashe ciwon sukari ne, ya daɗe a jikinsa. Sai da aka yanke masa yatsu biyu na ƙafa. Likita ya ce raunin nan da ya ke kuka da shi, sukarin ne ya ɓata masa jijiyoyi, zuma da garin muruci kuwa ƙara wa wuta itace suka yi. Ya rayu, yana shan magani, amma yatsu ba su komo ba. Har yau in na tuna da amsar da na ba shi, kunya ta kan kama ni. Muruci bai yi laifi ba. Laifin namu ne da muka ɗora masa aikin da ba nasa ba, muka ɓata watannin da ya kamata a yi magani.

Ka riƙe wannan. Raunin namiji sau da yawa ɗan aike ne, ciwon sukari ko hawan jini ne ya aiko shi. Alamun ciwon sukari su ne yawan ƙishirwa, da yawan fitsari, da rama, da kasala, da gani dishi-dishi, da mikin da ba ya warkewa. Gwajinsa ba wuya. A kan ɗan soki yatsa a ɗiga jini, nan take a gaya maka. Ana yi a asibitin Barau Dikko, ana yi a ƙananan asibitoci. Faɗa wa likita irin wannan matsala ba abin kunya ba ne, ya ji ta daga bakin mutane da yawa kafin kai.

Ka yi hankali kuma da garin da a ke sayarwa a ƙulle a tasha da bakin kasuwa, a ce maka garin muruci ne na ƙarfin maza. Ba ka san abin da aka zuba ciki ba. An sha kama masu haɗa irin wannan gari da ƙwayoyin kanti a ɓoye, waɗanda ke iya kashe mai ciwon zuciya.

6. Inda haɗari ya ke

Na ɗaya, faɗowar ɗan. Hausawa suna cewa, inuwar giginya na nesa ka sha. Su kan faɗi haka ga wanda ke kyauta wa bare ya bar nasa. Amma ko a zahiri na nesa ya fi dacewa. Abin da ya faɗo daga mita 20, kafin ka ƙidaya ɗaya, biyu, ya iso ƙasa, yana gudu kamar motar da ke tafiyar kilomita 70 a sa'a. Ka tuna nauyinsa kilo ɗaya ne ko fi. Ya isa ya fasa kan babba, balle na yaro. Kada ka yi barci a gindin mace mai 'ya'ya, kada ka ɗaure dabba nan, ka kuma hana yara zaman jiran faɗowarsa, tun ba ran da a ke iska ba. Hawanta kuwa a bar wa gwanaye, gama ba ta da reshen da mutum zai kama in ƙafa ta zame.

Na biyu, ƙazanta. Nunannen ɗa a ƙasa a ke tsintarsa, inda shanu da awaki su ke kashi, wani lokaci har da mutane. In ya fashe wajen faɗowa, ƙasa da ƙuda sun shiga. Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke kawo gudawa, da taifot, da kwalara, watau amai da gudawa mai kisa. Ƙwan tsutsar ciki ma a ƙasa ya ke. Tun da ya ke ɗanye a ke tsotson giginya, da hannu da baki, ba wutar da za ta kashe su. Wanki ne kaɗai tsaronka.

Na uku, saurar dabba. Wanda ka ga ɓera ko jemage ya gaigaya, yar da shi, kada ka ce za ka yanke wurin ka ci saura. Ɓera yana ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno. Ta fitsarinsa da kashinsa ya ke zuba cutar a abinci. Domin wannan kada ka bar giginya ko muruci a buɗe a ɗaki da dare, kada kuma ka shanya su a ƙasa.

Na huɗu, ruɓa. Nunannen ɗa ba ya jimrewa. In ya soma tsami, ko ya yi baƙi-baƙi, ko fumfuna ta fito masa, ya tashi daga abinci. Dafaffen murucin da ya kwana ya yi yauƙi shi ma haka. Ruwan giginya da aka tace a sha shi ran nan, gama zaƙinsa ya kan juya ya yi tsami da sauri.

Na biyar, sukari. Mai lafiya ya sha abinsa. Mai ciwon sukari kuwa ya sani tsokar tana da zaƙi, sitacin muruci ma sukari ya ke zama a ciki. In zai ci, ya ci kaɗan, a madadin wani abu na tuwonsa, ba ƙari bisa gare shi ba, ya kuma tambayi likitansa. Zaren ya kan maƙale a haƙori tare da zaƙi. Bayan ka sha, kurkure baki, ka yi asuwaki.

Na shida, yawan muruci. Ga inda za mu komo Siri Lanka. Mutanen can su kan shanya murucin palmira su yi gari. A 1971 likitocin ƙasar suka ciyad da ɓerayen gwaji da garin nan, ya zama shi ne yawancin abincinsu. Ɓerayen suka yi ciwo, ƙafafunsu suka raunana, hantarsu ta ɓaci. Gaskiya ne ɓera ba mutum ba ne, palmira kuma 'yar'uwar giginyarmu ce, ba ita ce sak ba. Amma mai hankali ya kan ɗauki gargaɗi daga gidan maƙwabci. Ka ci muruci dafaffe, jifa jifa, yadda kakanninmu suka saba. Kada ka mai da garinsa abin sha na kullum, kada kuma a ɗora mace mai ciki ko ƙaramin yaro bisa gare shi.

Na bakwai, wuƙa. Ɗanyen ɗa yana da tauri da santsi. Ajiye shi bisa gungume ka sara, kada ka riƙe shi a hannu. Kada ka bar yaro ya yi wannan aiki.

7. Yadda za ka yi a gida

In za ka saya, zaɓi wanda bai fashe ba, mai ƙanshi, ba mai tsami ba. Da ka kai gida a wanke shi duka da ruwa mai tsabta tun ba a ɓare ba. Wanda zai ɓare ya wanke hannu da sabulu, masu sha ma haka, yara da manya. In za a jiƙa, a yi da ruwan da aka tafasa ya huce, a tace da ƙyalle mai tsabta, a rufe don ƙuda. Muruci a dafa shi sosai. In a talla ka saya, zaɓi wanda ke cikin ɓawonsa, ka ɓare da kanka. Jinjirin da bai kai wata 6 ba kada a ba shi ko ɗigo, nonon uwa ya ishe shi.

In duk da haka gudawa ta kama wani a gidanka, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Sayo ƙullin gishiri da sukari na kanti, ka dama yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffe ba mai tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kurɓi kurɓi. In gudawar ta yi kama da ruwan shinkafa, ko akwai jini, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya ƙi sha, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti.

8. Ka bar wa na baya

Amfanin giginya bai tsaya ga ciki ba. Daga jikinta a ke tsaga azara, wadda gara ba ta cika ci ba, da ita aka rufe soraye da masallatai na dā a ƙasar Hausa. Da ganyenta a ke saƙa tabarma da kwando. Amma duba wannan lissafi. Ko wace azara giginya ce aka kashe. Ko wane muruci da ka ci giginya ce da ba za ta tsaya ba. Masu tatsar ruwanta kuma su kan yanke tohon kanta, giginya kuwa kai ɗaya gare ta, in an yanke shi ta mutu. Ruwan nan ma cikin 'yan sa'o'i ya ke juyewa ya zama abin maye.

A ƙasar Gaya da Dallol Mawri, a kudancin Nijar, akwai manyan kurmin giginya. Da sara ya yi yawa sai hukuma ta tsaya, ba a sarewa sai da izini. Kaduna kuwa tun da ta zama babban birnin Arewa a 1917 ta ke faɗaɗa, gidaje suna cin fadama. In kana da gona a ƙauye, kadan ka binne ƙwallaye don muruci, bar waɗansu a kan iyaka su girma, nesa da gida da hanya. Wataƙila ba kai za ka sha 'ya'yansu ba. Amma wadda ka sha kana yaro ma wani ne ya bar maka.

Tambayoyi

1. Ta yaya za ka bambanta giginya da goriba?
2. Waɗanne abinci uku a ke samu daga giginya?
3. Mene ne dundumi, me ke kawo shi?
4. Don me ba a zuba ruwan giginya a kunu yana bisa wuta?
5. Wane kuskure masinja da akawu suka yi?
6. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari?

In ka amsa su duka, karanta wa wani wanda bai iya karatu ba tukuna, ka fara da mutanen gidanka.